Me ya sa labarin wanda ya maƙale a sama yake hana mutum barci? Tambayoyi da amsoshi

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare ta ƙauye a ƙasar Ringim. Tun da masu tura fim a kasuwanninmu suka fara zuba wa yara fina-finan 'yan sama jannati a waya, tambayoyi suka yi mini yawa. Wasu daga ɗalibai suke fitowa, wasu daga iyayensu, wasu kuma daga abokan hira a majalisa bayan Isha'i. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Malam, wane irin labari ne wannan takamaimai?

Ƙagaggen labari ne, a littafi ko a fim, da ake jefa mutum ɗaya ko mutane ƙalilan cikin tsaka mai wuya a wajen duniyarmu. Ko dai kumbonsu ya lalace a hanya, ko an taso an bar wani a can bisa zaton ya mutu. Abin da ya raba shi da fina-finan harbe-harbe da dodannin sama shi ne marubucin ya ɗaure kansa da dokokin kimiyya tun daga shafin farko. Idan ya ce iskar da ta rage ta kwana 30 ce, ba shi da ikon ƙara ko kwana ɗaya sai ya nuna mana inda ta fito. Babu layar zana, babu aljanin da zai sunkuci jarumi ya dire shi a ƙofar gida. Sau da yawa ma babu mugu a labarin. Wurin ne da kansa yake neman ran mutum.

To ina daɗinsa? Ba soyayya, ba faɗa, mutum ɗaya yana ta ƙirge-ƙirge.

A cikin ƙirge-ƙirgen daɗin yake, kuma a ganina babu wanda ya kamata ya riga mutumin karkara gane haka. Dubi abin da maigida yake yi bayan kaka. Ya san dami nawa ya zuba a rumbu, ya san baki nawa ne a gidan, ya san kwano nawa ake aunawa kullum, ya kuma san wata nawa ne tsakaninsa da sabon gero. Idan lissafin bai kai ba, ba ya bari sai marka ta zo sannan ya fara tunani. Tun da rani yake yanke shawara: a rage awo, ko a kai akuya kasuwa a ƙaro dawa, ko babban yaro ya tafi ci-rani. Kuma duk tsananin da za a shiga akwai damin da ba a taɓawa, wato na iri.

Labaran nan a kan wannan aka gina su. Sai dai shi jarumin rumbunansa huɗu ne: iska, ruwa, abinci da wutar batir. Kowanne raguwa yake yi, kuma suna cin juna. In ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, ya ci wutar da zai yi magana da gida. In ya yi wa shuka ban-ruwa, ya taɓa ruwan shansa. Mai karatu yana riƙe da alƙaluman nan a kansa, yana yin lissafin tare da shi. Shi ya sa idan aka warware matsala ake jin wani daɗi da ba a ji in tsafi ne ya warware ta. An nuna maka duk kayan da ke ɗakin tun farko, da ka natsu da kai ma ka gano mafitar.

Akwai wani abu kuma. A yawancin labaran da muka saba, jarumi yana cin nasara ne don ya fi kowa ƙarfi, ko don shi ɗan sarki ne, ko an haife shi da sa'a. A nan kuwa yana tsira ne don ya tuna abin da aka koya masa a aji, kuma bai yi ƙyuyar sake duba lissafinsa ba. Na lura yaran nan masu shiru-shiru na bayan aji, waɗanda ba a sa su a ƙwallo, su suka fi maƙale wa irin wannan labari.

Irin haka ya taɓa faruwa da gaske, ko duk shaci-faɗi ne?

Ya faru, kuma daga nan marubutan suke ɗibar yawancin dabarunsu. Ranar 11 ga Afrilu 1970 kumbon Apollo 13 ya tashi daga Amurka zuwa duniyar wata ɗauke da mutum uku: Jim Lovell, Jack Swigert da Fred Haise. Bayan kwana biyu, suna sama da kilomita 300,000 daga gida, tankin iskar oksijin ya fashe. Matsalar ba ta tsaya ga numfashi ba, domin da wannan iskar ce kumbon yake samar da lantarki da ruwan sha. Fashewa ɗaya ta taɓa abu uku.

Suka kashe babban kumbon, suka koma cikin ƙaramin da aka ƙera don sauka a wata. An yi shi ne don mutum biyu su yi kamar kwana biyu, sai ga mutum uku za su yi kusan huɗu. Suka rage shan ruwa har abin da kowa yake samu a yini bai kai rabin ledar fiya-wata ba, saboda na'urorin ma da ruwa ake sanyaya su. Sanyi ya sauko kusan digiri 3. Haise ya kamu da ciwon mafitsara.

Abin da ya fi shahara shi ne batun gwangwanayen tace iska. Na ƙaramin kumbon ba za su isa ba. Na babban suna nan da yawa, amma masu kusurwa huɗu ne, ramin da za a sa su kuma zagayayye. Injiniyoyin cibiyar kula da tafiyar a birnin Houston na Amurka suka tara irin kayan da suka san akwai a cikin kumbon, leda da kwali da salatif da tiyon rigar sama, suka haɗa abin a ƙasa, suka gwada, sannan suka karanta musu yadda za su yi ta rediyo, tunda babu halin aika hoto. Ya yi aiki. Ranar 17 ga Afrilu suka faɗo tekun Fasifik da ransu.

Rashawa ma suna da nasu. A 1985 tasharsu ta sararin samaniya mai suna Salyut 7 ta mutu murus tana yawo babu kowa a ciki. Aka aika Vladimir Dzhanibekov da Viktor Savinykh, suka lallaɓa suka maƙala kumbonsu a jikinta da hannu, suka tarar ruwan ciki ya daskare. Da hulunan sanyi suka yi aiki har suka juya farantan solar suka fuskanci rana, batura suka fara ɗaukar caji. A 1997 kuma tashar Mir ta ga gobara a watan Fabrairu, sannan a watan Yuni kumbon kaya ya daki wani sashe nata ya huda shi. Iska tana zurarewa, su kuma suna ta fizge wayoyin da suka ratsa ƙofar don su samu su rufe ta.

Me ya sa suke tsoron iskar da suke fitarwa? Na ɗauka ƙarewar oksijin ce matsala.

Duka biyun matsala ne, amma a rufaffen ɗaki wadda ake fitarwa takan riga yin illa. Mutum yana shaƙar abin da ya haura gram 800 na oksijin a yini, ya fitar da kusan kilo ɗaya na iskar kabon. In ba a tace ta ba, sai ciwon kai, sai haki, sai tunani ya rikice, alhali oksijin yana nan a tanki. Ita ce kuma kan taru a gindin tsohuwar rijiya saboda ta fi iskar gari nauyi, har mai yasa ya sume, wanda ya bi shi ceto ma ya sume. A sama, inda babu nauyi, ba ta sauka ƙasa. Taruwa take yi a gaban fuskar mai barci, shi ya sa fankoki ba sa tsayawa a tashar sararin samaniya dare da rana. Kada a haɗa ta da hayaƙin janareta da ke kashe iyali cikin dare. Wannan wata iskar ce dabam, kuma ta fi saurin kisa.

Ni manomi ne. Da gaske ana iya shuka a duniyar Mars kamar yadda yaron nan ya nuna mini a waya?

Baba, abin da ya nuna maka fim ne na 2015 da aka ɗauko daga littafin The Martian na Andy Weir. Marubucin ya fara sakinsa ne babi-babi a intanet, masu karatu suna gyara masa kimiyyar, kafin kamfanin ɗab'i ya fitar da shi a 2014. Jarumin masanin tsirrai ne. Ya kwaso ƙasar Mars ya shimfiɗa a ɗakin kwana, ya gauraya ta da bayan-gida a matsayin taki, ya yanka ɗanyen dankalin turawan da suka zo da shi ya dasa.

Dabarar ba ta banza ba ce. Ƙasar can matacciya ce, babu ruɓaɓɓen ganye, babu ƙwayoyin halittar da ke raya gona, don haka dole a kawo su daga jikin mutum. A fili kuwa shuka ba za ta yiwu ba: kusan kashi 95 cikin ɗari na iskar can kabon ce, ƙarfinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, matsakaicin sanyi yana wajen digiri 60 ƙasa da sifili, hasken rana kuma bai kai rabin wanda muke samu ba. Sannan a 2008 na'urar Phoenix ta gano wani gishiri mai guba a ƙasar, wanda sai an wanke shi da ruwa mai yawa kafin a yarda da abin da ya tsiro. Labarin bai tsaya a kan wannan ba.

Ga wani lissafi da za ka fi ni iya aunawa. Kilo ɗaya na dankalin turawa ba ya ba da ƙarfin da ya kai kalori 800, shi kuwa gero yana haura 3,500. Ke nan mai aikin ƙarfi sai ya ci kilo uku na dankali kullum kafin ya tsaya da ƙafafunsa. Ba don dankali ya fi gero ba aka zaɓe shi, don yana cikin ɗan abin da zai iya tsirowa a kayan abincinsu.

A zahiri kuwa, 'yan sama jannati sun ci latas ɗin da suka shuka a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2015. Kuma a Janairun 2025 hukumar sararin samaniya ta Indiya ta sanar cewa ƙwayoyin wake da ta aika sun tsiro a sama cikin kwana huɗu. Wake dai irin wanda ake sayarwa a Dawanau.

Ina ne marubutan suke zuƙi-ta-malle?

Guguwar da ta buɗe labarin The Martian ita ce babbar ƙaryarsa, kuma marubucin da kansa ya amsa haka. Iskar Mars ba ta da kaurin da za ta ture kumbo, komai gudunta. Ainihin sharrin guguwar can shi ne ƙura. A 2018 ƙura ta rufe duniyar kusan baki ɗaya, ta hana farantan solar na motar bincike ta Opportunity ganin rana, kuma daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. A ƙarshen 2022 na'urar InSight ma haka ta mutu, ƙura ta lulluɓe farantanta babu mai gogewa.

Sukan kuma yi sassauci kan tururin da ke fitowa daga rana da sauran sararin sama, wanda ke ratsa jiki ya jawo cutar kansa. Duniyarmu tana da kariya daga gare shi, Mars ba ta da irinta. Abin da ya fi damuna ni dai shi ne yadda mutum ɗaya yake zama makaniki, likita, manomi da masanin sinadarai, kuma gyaransa ya riƙa ci da wuri. Na'urar MOXIE da aka kai Mars ta fara tatsar oksijin daga iskar can a 2021, amma duk abin da ta tara a gwaji 16 gram 122 ne, wanda bai isa numfashin mutum ɗaya na awa huɗu ba. A fim da an nuna ta cika tanki kafin magariba.

Me zai hana ya kira gida a gaya masa abin da zai yi?

Nisa. Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, amma duk da haka yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa Mars, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Ka yi tambaya, amsa ta iya kai minti 44 kafin ta dawo. In wuta ce ta kama, kai kaɗai ne. Kai ɗauki kuma ba a yinsa ranar da aka ga dama: kusan duk wata 26 hanya take daidaita, tafiyar kanta kuma ta ci wata shida zuwa tara.

Wai gaskiya fitsarinsu suke sha?

Ruwan da aka tace daga fitsari da gumi da tururin numfashi suke sha. A 2023 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce tashar ƙasa da ƙasa tana dawo da kashi 98 cikin ɗari na ruwan da aka yi amfani da shi. Hukuncin alwala da shi kuwa, wannan a kai wa malaman fiƙihu.

Malam, ni uwa ce. Wannan ba zai koya wa yara dogaro da wayonsu su manta da Allah ba?

Hajiya, tambayarki tana kan hanya, kuma ba zan ɓoye miki ba: yawancin marubutan nan ba sa kawo zancen Ubangiji, wasu jaruman kuma bakinsu cike yake da ashar. Yana da kyau babba ya fara dubawa kafin a miƙa wa ƙaramin yaro.

Amma tsara dabara da riƙo da sababi ba baƙon abu ba ne a addininmu. Tirmizi ya ruwaito mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta kuma ya yi tawakkali. A Suratu Yusuf kuma an tsara noman shekara bakwai, a bar hatsi a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, saboda shekara bakwai na fari da ke tafe. Yaron da ya san waɗannan zai kalli fim ɗin da idon da ya dace.

Musulmi ma sun je saman. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je a 1985. Da Sheikh Muszaphar Shukor na Maleshiya zai tafi a 2007, tafiyar ta faɗo cikin Ramadan, tashar kuma tana zagaya duniya duk minti 90, rana ta fito sau 16 a yini. Malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora: ya bi lokutan sallar inda aka harba kumbon, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko, in ya kasa ya fuskanci duniya, in babu halin alwala ya yi taimama.

Sai na iya lissafi da kimiyyar sinadarai zan ji daɗinsa?

A'a. Tarawa da rabawa sun isa. Marubuci nagari yana bayyana sauran a bakin jarumi, sau da yawa cikin raha.

Mu da muke fama da ruwan sha, ina ruwanmu da Mars?

Ba zan ce karanta littafi zai haƙa wa kowa rijiyar burtsatse ba, kuma labari ba ya bukatar ya biya kuɗin kansa kafin a saurare shi, kamar yadda ba a taɓa tambayar tatsuniya amfaninta ga farashin taki ba. Sai dai saman ba ta yi mana nisan da ake zato ba. Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya a 1999, ta harba tauraron ɗan'adam na farko daga Rasha a 2003. Na sadarwa da aka harba daga Sin a 2007 ya mutu a ƙarshen 2008 saboda matsalar farantan solar. Hasashen damina da ake karantawa a rediyo ma da hotunan taurarin ɗan'adam ake haɗa shi. Kuma yaron da ya gane abin da ya kashe Opportunity ba sai an tuna masa ya goge farantan famfon solar na garinsu da hunturu ba.

Akwai irinsa da Hausa? In babu, za a iya rubutawa?

Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro Bahaushe aka kai shi sararin sama, don haka ba yau Hausa ta fara leƙa can ba. Wancan ya fi karkata ga al'ajabin tafiya. Ɓangaren lissafi da tsira kuwa fili ne mai faɗi ga duk mai alƙalami.

Wanda zai gwada, shawarata ita ce kada ya kwaso jarumin Amurka ya sa masa hula. Ya ɗauko mutumin da hannunsa ya san ƙarancin kaya. A Jigawar nan Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwan yana tashi yana tafiya da zafi, kayan miya suna daɗewa ba su lalace ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Barin ruwa ya tashi da zafi ita ce dai hanyar da ƙaramin kumbon Apollo yake sanyaya na'urorinsa. Marubucin ya zauna da takarda ya fitar da alƙalumansa kafin ya rubuta layi ɗaya, ya ba malamin fizik ya duba, kuma in lissafin ya ce jarumi zai mutu ranar 40, to ya nemo masa dabara ta gaskiya ko ya bar shi ya mutu.

Kullum ake tsira ke nan?

A littattafai, galibi. Masu karatu sun fi son haka, masu sayarwa ma haka. A zahiri ba kullum ba. A Yunin 1971 Georgy Dobrovolsky, Vladislav Volkov da Viktor Patsayev suna kan hanyar dawowa a kumbon Soyuz 11 bayan sun yi sama da mako uku a tashar Salyut ta farko, sai wani ƙaramin bawul ya buɗe tun suna can sama, iskar ɗakin ta fice cikin ƙasa da minti biyu. Kumbon ya sauka lafiya a inda aka tsara, masu tarba suka buɗe suka tarar da su ukun sun rasu. Ba su sanye da rigar kariya, domin ɗakin ya yi ƙanƙanta ga mutum uku da riguna. Daga nan Tarayyar Sobiyet ta rage ma'aikatan kumbon zuwa biyu, ta wajabta sa rigar lokacin tashi da sauka, kuma sai a 1980, da aka sake fasalin kumbon, aka koma ɗaukar mutum uku.